ƁOYE AIBIN MOTA A WAJEN CINIKI: "GA TA NAN KA DUBA" BA TA WANKE KOWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya buɗe wa bayinSa ƙofofin neman halal, Ya kuma haramta musu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda mutanen Makka suka sani da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wani kuka da wani bawan Allah manomi daga ƙasar Karakkai, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya kawo mana bayan sallar La'asar. Da kaka ta yi, sai ya sayar da wakensa da waken suya, ya haɗa da shanun huɗarsa guda biyu, ya shigo Gusau ya sayi tsohuwar Golf domin babban ɗansa ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Gusau da Tsafe, gida ya samu abin cefane a lokacin rani. Bai yi sakaci ba, har da makaniki ya tafi. Aka tayar da mota, aka zaga gari da ita, ba hayaki ba ƙara, ciniki ya faɗa. A kwana na tara, an wuce Kwatarkwashi kaɗan, mota ta ɗauki zafi, injin ya buga. Da aka kwance shi sai aka tarar kan injin ya taɓa tsagewa an yi masa walda, an ɗura masa baƙin mai mai kauri, sannan wayar allurar da ke nuna zafi a cire take. Da ya koma wurin wanda ya sayar masa, amsar da ya samu ita ce: "Malam, ai da makanikinka ka zo. Ka duba ka ce ka gani kana so. Ni ban ce maka sabuwa ce ba. Kuma ga takarda nan mun rubuta, in ta fita ba ta dawowa." Tambayar da manomin ya yi mana ita ce: shin yana da wani haƙƙi a Shari'a, ko kuwa ya rungumi ƙaddara?

Ba za mu ambaci sunan kowa ba. Da a ce mutum ɗaya ne yake wannan aiki, da mun same shi har gida mun yi masa nasiha a asirce an wuce wurin. To amma abin ya zama ruwan dare, har ya kai yawancin masu yin sa ba su ɗauke shi zunubi ba, sunan da suke ba shi shi ne iya kasuwa. A cikinsu akwai masu sahun gaba a masallaci, akwai waɗanda ba za su taɓa karɓar kuɗin ruwa ba ko da za su kwana da yunwa. Don haka muka ga wajibi ne a yi maganar a fili. Amsarmu a taƙaice ita ce manomin nan yana da haƙƙi, kuma duk uzurorin da aka kawo masa babu ko ɗaya da zai tsaya gaban alƙali mai ilimi, balle gaban Allah (S.W.T.).

Dattawanmu za su tuna lokacin da ma'aikacin gwamnati matsakaici yake karɓar bashin mota ya sayi Fijo 504 sabuwa fil daga kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Tun daga 1986, da aka shigo da tsarin SAP darajar Naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka da ma mai matsakaicin hali, aka koma ga 'yan Beljiyam da ake saukewa a Kwatano a biyo da su ta Maraɗi ko ta Legas. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sannan a 2023 aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira, farashin 'yar Beljiyam ma ya tashi inda mutanen karkara ba su iya kai hannu. Abin da ya rage musu shi ne motar da ta gama wahala a Turai, ta sake wahala a hannun mutum uku ko huɗu a nan gida. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya saye. Ke nan kusan duk cinikin mota da ake yi a tsakaninmu cinikin abu ne mai tarihi, kuma tarihin nan mutum ɗaya ne ya san shi a cikin masu cinikin biyu. Wannan shi ne tushen mas'alar.

Asalin hukuncin sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bi ta wurin wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki sai ya ji danshi. Mai abincin ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (S.A.W.) ya tuhume shi a kan dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. To, a lura da kyau. Abincin nan a fili yake a tsakiyar kasuwa. Babu wanda aka hana ya cusa hannu, kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya cusa nasa. Mai abincin bai yi ƙarya da bakinsa ba, bai rantse ba, kuma ba shi ya jiƙa abincin ba. Duk da haka laifin a kansa aka ɗora shi, ba a ce masu saye su ne suka yi sakacin bincike ba. Wanda ya ce "ga ta nan ka duba" ya wanke shi, sai ya gaya mana abin da ya bambanta shi da mai wannan tsibin abinci.

Allah (S.W.T.) a cikin Suratun Nisa'i Ya gindaya yardar juna a matsayin abin da ke halatta wa mutum dukiyar ɗan'uwansa ta hanyar kasuwanci. Manomin Karakkai ya yarda, amma da me ya yarda? Ya yarda da mota mai lafiyayyen inji. Wadda aka miƙa masa wata mota ce daban da bai taɓa yarda da ita ba, domin da an ce masa kan injin a tsage yake, ko dai ya fasa ko ya rage kuɗi. Wannan shi ne ma'aunin da malamanmu na Malikiyya suka kafa. Risala ta Ibnu Abi Zaidil Ƙairawani, wadda kusan babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya ta, ta haramta wa mai sayarwa ɓoye duk abin da in an faɗe shi mai saye zai ƙi kayan ko kuma kuɗinsu ya ragu. Ma'auni ne mai sauƙi wanda ba ya bukatar makaniki. Mai mota ya tambayi zuciyarsa: mene ne abin da nake addu'ar kada mai sayen nan ya gano? Wannan abin shi ne ya wajaba ya faɗa.

Sannan faɗar ma tana da ƙa'ida. A Mukhtasar na Shaihu Khalil da sharhohinsa an wajabta wa mai sayarwa ya fayyace aibin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Saboda haka irin zantukan nan da ake yi a wuraren sayar da motoci, "tsohuwar mota ce, ka san halin ƙarfe," ko "ni tarin ƙarfe na sayar maka," ko "ka ɗauka komai nata ya lalace," duk ba bayani ba ne. Mai saye yana jin su ne a matsayin al'adar baki, domin kowace mota haka ake faɗa a kanta, mai lafiya da marar lafiya. Wanda ya san giyarsa tana zamewa in ta yi zafi, abin da zai ce shi ne: giya tana zamewa in ta yi zafi. Haka kuma wanda ya ambaci ƙaramin aibi don ya rufe babba, ya nuna maka fashewar gilashin fitila da murɗaɗɗen hannun ƙofa har ka ce wannan mutum mai gaskiya ne, alhali ya yi shiru a kan shasin da ya karye aka ɗinke, to wannan ya haɗa algus da zamba cikin aminci.

Saura batun takardar "in ta fita ba ta dawowa." Malamai sun san wannan tun da daɗewa, suna kiransa ciniki bisa bara'a, wato mai sayarwa ya sharɗanta cewa ya kuɓuta daga duk aibin da zai bayyana. A Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar (R.A.) da ya sayar da wani bawa dirhami 800 bisa wannan sharaɗi. Daga baya mai saye ya ce ya sami wata cuta da ba a gaya masa ba, aka kai ƙara gaban Halifa Usmanu ɗan Affan (R.A.). Halifa bai ce sharaɗi ya gama magana ba. Hukuncin da ya yanke shi ne Ibnu Umar ya rantse cewa lokacin da ya sayar bai san da wata cuta ba. Ibnu Umar, saboda tsantseninsa, ya ƙi rantsuwar ya karɓi bawansa, bawan ya warke a hannunsa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. Abin da aka fahimta daga nan shi ne sharaɗin bara'a, ko a inda aka yarda da shi, yana kare mutum ne daga abin da bai sani ba kawai. Mashahurin zance a mazhabarmu ma ya ƙuntata shi ƙwarai, bai buɗe shi ga kowane irin kaya ba. Wanda ya kai mota aka yi wa kan injinta walda da kuɗinsa, ya sa aka cire wayar allura, ina zai sami bakin rantsuwar cewa bai sani ba? Takardar da ya riƙe ba ta fi tawadar da aka rubuta ta da ita daraja ba.

Cire waya da ɗura mai mai kauri kuwa sun wuce shiru, sun zama aiki da hannu. Misalinsu a Sunna shi ne dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki kafin ranar kasuwa don hantsarta ta cika a zaci mai yawan nono ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan haka, da kuma bai wa wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. Mutanen Bunguɗu da Tsafe masu kiwo ne, sun san wannan dabara sarai, kuma babu wanda zai yi musun cewa ha'inci ce. To mene ne bambancinta da tayar da mota tun da asuba a bar injin ya yi ɗumi kafin mai saye ya iso, don kada ya ga wahalar da take bayarwa wajen tashi? Ko mayar da lissafin kilomita baya, ko zuba abin da zai toshe yoyon lagireto na kwana biyu, ko cire ƙwan fitilar gargaɗi, ko shafe wurin haɗari da fila a bi da fenti, ko ɗinke murfin jakar iska alhali babu komai a ciki? Akwai ma motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, irin ta guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, waɗanda kamfanonin inshora kan yi gwanjonsu a matsayin matattu, 'yan kasuwa su saya su wanke su tura ƙasashe irin namu. Jikinsu kamar sabo, wayoyinsu kuwa tsatsa tana cin su a hankali. Wanda ya sayo irin wannan yana sane, ya sayar bai faɗa ba, hantsa ya ɗaure.

Ga yadda hukuncin yake in an gano. Mai saye yana da zaɓi: ya mayar da mota ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe ta. In wani sabon aibi ya same ta a hannunsa wanda ba shi da alaƙa da tsohon, to ko ya mayar ya biya gwargwadon sabon, ko ya riƙe a biya shi gwargwadon tsohon. Lissafin kuwa da kaso ake yin sa. A ƙaddara an sayi mota Naira miliyan 4 da rabi, masana suka ce da lafiyarta ta kai miliyan 5, da aibin kuwa miliyan 4. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar ke nan, sai a mayar wa mai saye kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya, wato Naira 900,000. Kuɗin da ɗan manomi ya samu na fasinja a kwana taran nan nasu ne, ba a cire su daga abin da za a mayar, domin ƙa'idar Shari'a ita ce amfanin kaya na wanda asararsu take wuyansa ne. Babban abin da ya kamata masu ɓoye aibi su sani shi ne malamanmu sun bambanta wanda ya sayar bai sani ba da wanda ya ɓoye da gangan. Idan kayan suka halaka ta dalilin aibin nan da aka ɓoye, asarar tana kan mai sayarwa, zai mayar da kuɗi gaba ɗaya. Saboda haka ba zai ce wa manomi "ai a hannunka injin ya buga" ba, tunda abin da ya ɓoye shi ne ya buga shi.

Adalci ya sa mu faɗi na ɗaya ɓangaren. Ba kowace tsufa ce aibi ba. Wanda ya sayi motar shekara ashirin ba zai dawo bayan wata biyu don kulocinta ya cinye ko batir ya mutu ya ce an cuce shi ba. Aibin da yake a fili wanda ido ya gani lokacin ciniki ba a mayar da kaya saboda shi. Wanda ya gano aibi ya yi shiru ya ci gaba da lodi mako da makonni, ya nuna ya yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi, sai fa matafiyin da ya gano a hanya wanda dole ya ƙarasa da ita gida. Mun kuma san akwai masu sayen da nadama ce kawai take kama su, ko su tuƙa mota ba ruwa ba mai su ƙona ta, sannan su zo suna kururuwar an zalunce su. Irin wannan shi ma cin dukiyar mutane ne. In an yi jayayya a kan aibin tsoho ne ko sabo, masana sana'ar amintattu ake kira su duba, kuma walda ba ta ɓuya ga wanda ya san aikinsa.

Sai dai mota tana da wani al'amari da buhun gero jiƙaƙƙe ba shi da shi. Wanda aka sayar wa ruɓaɓɓen hatsi dukiyarsa ce ta tafi. Wanda aka sayar wa mota mai yoyon man birki, ko taya da ta shekara goma aka sake yanka mata zane, ko sandar sitiyari da aka yi wa walda, ransa aka sa a ciniki, da ran fasinjojin da ba su halarci cinikin ba, da na yaron da ke tsallaka titi da tallan gyaɗa a kansa. Kowa ya san yadda ake loda Golf a tashoshinmu, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but kuma cike da kaya. Sannan ga halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan na 'yan bindiga. Motar da ta mutu da fasinja tsakanin Tsafe da 'Yankara gab da magariba, ba batun kuɗin gyara ake yi ba. Muna tambayar wanda ya cire wayar allura: in labari ya iso maka cewa motar nan ta tsaya a dajin da bai kamata ta tsaya ba, aka kwashe mutanen ciki, da wace fuska za ka ce ba ruwanka? Aibin da ya shafi rai, a ganinmu, faɗarsa ma kaɗai ba ta isa ba idan ka san wanda zai saya gobe zai ɗora mata fasinja ba tare da gyara ba. Ko ka gyara, ko ka sayar wa masu kwancewa su sayar da kayanta.

Takardu ma haka. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba aka haɗa mata na jabu, ko wadda ake jayayya a kan mallakarta, aibinta ya fi na inji, domin rana ɗaya za a tare mutum a hanya a raba shi da ita.

Yanzu sai dillalai da makanikai, domin da wuya a yi cinikin mota babu su. Dillali yakan ce shi ɗan aike ne, la'adarsa kawai yake nema. An ruwaito cewa sahabi Wasila ɗan Asƙa'u (R.A.) ya ga an sayar wa wani mutum taguwa, sai ya bi shi da sauri ya tambaye shi ko don nama ya saya ko don tafiya. Mutumin ya ce aikin Hajji zai tafi a kanta. Wasila ya gaya masa akwai rauni a ƙafarta. Mai taguwar ya yi ƙorafin an ɓata masa ciniki, Wasila kuwa ya kafa masa hujja da cewa bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa da kuma duk wanda ya sani. Wasila ba shi da ko dirhami a cinikin. To ina ga wanda zai ci la'ada a ciki? A lura kuma da tambayar da ya yi, don nama ko don tafiya, domin aibi yana bin manufar mai saye. Motar da za ta iya kai yara makaranta cikin gari ba lalle ta iya zirga-zirgar Gusau zuwa Funtuwa kullum ba, kuma manomin nan ya faɗa da bakinsa cewa haya za a yi da ita. Makanikin da mai saye ya ɗauko ya biya shi don ya duba masa, sannan mai mota ya ja shi gefe ya sa masa wani abu a aljihu, wannan ya ci amana ya ci rashawa a zama ɗaya. Haka abokan dillali da ke zuwa su yi tayin ƙarya don a zuga baƙo ya ƙara kuɗi, shi ne najashu da Annabi (S.A.W.) ya hana.

Uzurin da muka fi ji shi ne: "Ni ma haka aka sayar mini," da kuma "in na faɗa zan faɗi." Na farko ba ya bukatar dogon zance, wanda aka yi wa sata ba a ba shi izinin shiga gidan maƙwabci ba, haƙƙinsa yana wurin wanda ya cuce shi. Na biyu kuwa ba za mu yaudari kowa ba, gaskiya ne, in ka faɗa kuɗin zai ragu. Amma asarar nan ta riga ta auku tun ranar da kan injin ya tsage a hannunka, jarrabawarka ce. Ɓoyewa ba ta kawar da ita, ɗaukarta kawai take yi daga kanka ta aza wa wanda ya sayar da shanun huɗarsa. Hadisin Hakimu ɗan Hizam (R.A.) da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa gaskiya da bayani su ke jawo albarkar ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuma su ke shafe ta. Abin sha'awa, wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da marar kyau, zai riƙa taya kowace mota da kuɗin marar kyau, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Duk wanda ya taɓa kai lafiyayyar motarsa kasuwa aka yi mata tayin wulaƙanci ya ɗanɗani wannan. Mai algus bai tsaya ga cutar mutum ɗaya ba, ya rage darajar motar kowane mai gaskiya a garin.

Ta fuskar dokar ƙasa ma babu mafaka. Tsohuwar dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada, ita ce aka gina bisa ra'ayin cewa mai saye shi zai buɗe idonsa, kuma abin mamaki ne a ji Musulmi yana kafa hujja da ruhin wannan doka yana barin Risala. Amma ko ita dokar Turawan ba ta yarda mutum ya rufe aibi da hannunsa ba. Dokar Final Kod ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta yi bayanin laifin zamba a sashe na 320, kuma ta ɗauki ɓoye gaskiya da mugun nufi a matsayin yaudara. A farkon 2019 aka sa hannu a dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana 'yan kasuwa bayanin da ke ɓatar da mai saye, ta kuma ba shi damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku. Mu kuma a Zamfara, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, ƙofar kotunan Shari'a a buɗe take ga irin wannan ƙara. Abin takaici ne a ce jihar da ta riga kowa wannan yunƙuri, ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta, yana yaƙar tauye mudu da zuba ruwa a nono, a wayi gari ana zuba wa inji mai mai kauri a cikinta ana kiran abin wayo.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin dillalan motoci na Gusau da kewaye da su sauya takardar cinikinsu. A maimakon layin "in ta fita ba ta dawowa," a bar fili inda mai sayarwa zai rubuta aibobin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, haɗarin da ta taɓa yi, aikin da aka taɓa yi wa inji da giya, da matsayin takardunta, shaidu biyu su sa hannu. Wannan kariya ce ga mai sayarwa kafin kowa, domin aibin da aka rubuta aka karanta wa mai saye ba za a dawo masa da mota saboda shi ba har abada. Halifa Umar (R.A.) ya kasance yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwar Musulmi. Ba mu ce a kori kowa ba, amma ƙungiyar da take iya tara kuɗin mako tana iya ɗaukar malami ya karantar da 'ya'yanta babin ciniki sau ɗaya a mako.

Shi kuwa manomin Karakkai, mun shawarce shi kada ya bari a taɓa injin, ya nemi makanikai biyu amintattu su gani su shaida, a fara neman sulhu ta hannun shugabannin dillalai, in abin ya faskara ya tafi kotu. Wanda kuma ya karanta wannan ya tuna da wata mota da ya taɓa rabuwa da ita ta wannan hanya, istigfari kaɗai bai isar masa ba, domin haƙƙin bawa ne. Ya nemi mutumin ya gaya masa gaskiya, ya mayar masa da bambancin kuɗin ko ya nemi yafewarsa bayan ya san abin da zai yafe. In ya rasu a bai wa magadansa. In an yi iyakar nema ba a same su ba, a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi.